Tambayoyinku Kan Fasaha: Faifan Da Ake Rubutawa Da Na'urar Da Ta Dace Da Kwamfutarka

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan faifai suke, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na san akwai masu ganin zamanin faifai ya wuce tunda ga filash, ga memori, ga WhatsApp. A nan Jos dai bai gama wucewa ba. Ɗalibai na miƙa kundin bincikensu a faifai, masu ɗaukar bidiyon biki na kai wa iyalai faifai, akwai motoci da yawa a kan titi waɗanda rediyonsu bai san komai ba sai CD, kuma akwai dattawan da na'urar DVD ɗin falo ita ce abin kallonsu har gobe. To bismillah.

Tambaya: Malam, ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Anguwar Rogo. In na je sayen faifai a Taminus sai in ga wani an rubuta DVD-R, wani DVD+R, wani kuma RW. Mai shago ya ce duk ɗaya ne. Gaskiya ne? Wanne zan riƙa saye?

Ɗan'uwa, mai shagon ya faɗi rabin gaskiya. Ga kwamfutar yau kusan duk ɗaya ne, amma ba abu ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin zai yi maka amfani a sana'arka.

Fara da haruffan ƙarshe, su suka fi muhimmanci. Faifan da ke da R kaɗai sau ɗaya ake rubutu a kansa. A cikinsa akwai wani siririn shimfiɗi na rini, hasken leza na na'urar ya bi yana ƙona wurare ƙanana a jikinsa, kuma inda ya ƙone ya ƙone ke nan. Shi ya sa ake ce wa aikin ƙona faifai. Mai RW kuwa ba rini ba ne a cikinsa, gaurayen ƙarafa ne da zafin leza ke sauya wa yanayi, ya kuma iya mayar da shi yadda yake, saboda haka ana gogewa a sake rubutu. Masu ƙera shi suna cewa zai ɗauki gogewa kamar sau 1,000, sai dai ƙarzuwa da datti kan kashe shi tun kafin a je ko kusa da nan. Kai da kake ba mutane faifan bikinsu su ajiye, ba ka da hulɗa da RW. Ya fi tsada, hasken da yake maidowa ya fi rauni, don haka tsofaffin na'urori sun fi wahalar karanta shi. Ka ajiye guda biyu ko uku don gwaji: ka ƙona aikin a kai, ka kalla a talabijin, in ka ga kuskure ka goge.

Ita kuwa maganar ɗan layi da alamar tarawa, tarihin rikicin kamfanoni ne. Kamfanin Pioneer na Japan ne ya fito da DVD-R a 1997, ƙarƙashin ƙungiyar da ke kula da tsarin DVD a lokacin, wato DVD Forum. Wasu kamfanonin, irin su Sony da Philips da HP da Ricoh da Yamaha, suka ware suka kafa tasu ƙungiyar, suka fitar da DVD+RW a 2001, sannan DVD+R a 2002. Kowane ɓangare ya ja daga. A waɗancan shekarun in ka sayi na'urar ɓangare ɗaya, faifan ɗaya ɓangaren ba zai rubutu a cikinta ba, mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a haka. Daga baya masu ƙera na'urori suka fara yin mai cin duka biyun. Rikicin ya mutu, amma alamomin sun zauna a jikin kwali suna rikita masu saye.

Bambancin da ke ciki na fasaha ne. Kowane faifan da ba a yi rubutu a kansa ba yana da wata 'yar hanya da ta nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, wadda leza ke bi. Dole na'ura ta san inda take a kan hanyar nan. A DVD-R, alamomin adireshin ƙananan ramuka ne da aka yi a tsakanin layuka. A DVD+R kuwa adireshin yana cikin lanƙwashe-lanƙwashen hanyar kanta, kuma wannan ya fi sauƙin karantuwa idan faifai na gudu da sauri, ya kuma sa na'ura ta fi iya tsayawa ta ci gaba daidai inda ta tsaya. A wajen ajiyar fayiloli, na fi karkata ga DVD+R saboda wannan.

Amma kai ba ajiya kake yi ba, faifanka zai shiga gidajen da ba ka san irin na'urar da ke cikinsu ba. DVD-R ya girmi ɗan'uwansa da shekara biyar, don haka tsofaffin na'urorin kallo sun fi saninsa. Shawarata gare ka ita ce DVD-R ga kwastoma. In kuma DVD+R ne kaɗai ka samu a kasuwa, akwai dabara: wasu na'urorin rubutu suna ba da damar a sauya wa faifan shaida, ya riƙa gabatar da kansa a matsayin DVD-ROM, wato irin faifan kamfani. Manhajar ImgBurn na da wurin yin haka. Tsohuwar na'ura in ta ga wannan shaidar sai ta karɓa.

Akwai wani kuma da ba ka ambata ba, DVD-RAM, wanda Panasonic da Toshiba da Hitachi suka tsaya wa. Yana aiki kamar ƙaramin rumbun ajiya, amma na'urorin kallo kaɗan ne ke karanta shi, kuma da wuya ka gan shi a kasuwarmu. Ka wuce shi.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos. An rubuta 4.7GB a jikin faifai, bidiyon aikina 4.5GB ne, amma kwamfuta ta ce babu wuri. An cuce ni ne?

A'a ƙanwata, ba a cuce ki ba, mudu biyu ne ake awo da su. Masu ƙera faifai suna lissafin gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif. Windows kuwa da 1,024 take lissafi a kowane mataki, saboda haka gigabait ɗinta ya fi girma. Bait biliyan 4.7 in aka auna da mudun Windows sai ya koma kusan 4.37. Bidiyonki da Windows ta kira 4.5 ya haura bait biliyan 4.8 ke nan, ya fi ƙarfin faifan.

Hanya biyu gare ki. Ko ki rage nauyin bidiyon da manhaja irin HandBrake, wadda kyauta ce, ko ki nemi faifai mai hawa biyu, wanda ake rubuta DL a jikinsa. Shi 8.5GB ne a kwali, kusan 7.9 a idon Windows. Ya fi tsada kuma ya fi saurin ba da matsala wajen ƙonawa, musamman a daidai inda leza ke tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu. Da ni ne, rage bidiyon zan yi. Sannan fayil guda da ya wuce 4GB yana buƙatar a ƙona shi da tsarin UDF, domin tsohon tsarin ISO 9660 ba ya ɗaukar fayil mai wannan girman kai tsaye. In kuma takardun kundinki ne kawai sashenku ya nema, CD-R mai 700MB ya ishe ki har da ragowa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a Abuja, iyalina na Bukuru. Na sayi sabuwar laftof sai na tarar ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Wace na'ura zan saya, kuma me zan duba kada a ba ni jabu?

Yallaɓai, wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Sababbin laftof sun daina zuwa da wurin faifai saboda ana son su sirance su yi rashin nauyi. Abin da kake buƙata shi ne na'urar waje, 'yar fallen nan da ake jonawa ta USB. Ba ta buƙatar wata manhaja ta musamman kafin kwamfuta ta gane ta, da ka jona Windows za ta gan ta. Ga mai kwamfutar tebur kuwa, na ciki ya fi: babbar na'ura mai shiga aljihun gaban akwati, ana jona ta da wayar SATA. Ta fi ƙarfi, ta fi sauri, ta fi jure aiki. Mai tsohuwar kwamfuta ya buɗe akwatin ya duba tukuna, domin wasu tsofaffin suna amfani da faffaɗar wayar nan mai kama da bel, wato IDE, kuma na'urar SATA ba za ta shiga wurinta ba sai in allon kwamfutar yana da bakin SATA ɗin. Wanda kuma laftof ɗinsa ke da wurin faifai amma na'urar ta mutu, ya sani cewa kauri biyu ne ya fi yawa, milimita 12.7 da milimita 9.5. Ya ciro tsohuwar ya tafi da ita kasuwa a gwada, ya fi kwatance da baki.

Abu na farko da za ka duba: shin na'urar tana rubuta DVD, ko karantawa kawai take yi? Nan ne aka fi kama mutane. Wadda aka rubuta wa DVD-ROM karatu kaɗai take yi. Akwai kuma wadda ake kira kombo, tana rubuta CD, tana karanta DVD, amma ba ta rubuta DVD. A waje duk kamarsu ɗaya. Ka nemi wadda aka rubuta DVD±RW ko DVD Multi Recorder ko Super Multi. Wannan tana rubuta CD-R da CD-RW da DVD mai layi da mai tarawa, kuma galibi har da mai hawa biyu. In ka samu wannan, maganar wane irin faifai za ta ci ta ƙare.

Na biyu, wuta. Na'urar waje daga bakin USB take shan wutarta, kuma bakin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa bisa ƙa'ida, na USB 3.0 kuma 900. Lokacin da injin ke ɗaukar gudu, leza kuma na ƙonawa, na'urar kan nemi fiye da abin da baki ɗaya na 2.0 zai iya. Alamar ita ce ka ji tana ɗan ƙara tana tsayawa, ko ta ɓace daga kwamfuta a tsakiyar aiki. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai kai biyu. In taka haka take, ka jona duka kawunan. Kada ka bi da ita ta 'yar na'urar nan mai rarraba bakin USB, sai in tana da tata wutar. In laftof ɗinka bakin USB-C kaɗai gare ta, ka tabbatar akwai wayar da ta dace a cikin kwalin. Amma kada wani ya ƙara maka kuɗi da sunan USB 3.0 ya fi sauri wajen ƙonawa. 'Yar fallen na'ura 8x take gudu, wato kusan megabait 11 a daƙiƙa, kuma USB 2.0 ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba.

Na uku, abin da ke cikin kwanson. Kamfanonin da ke ƙera injin faifai na ainihi kaɗan ne. Da yawa daga cikin masu arahar nan marasa suna, tsohuwar na'urar laftof ce aka ciro aka sa mata sabuwar riga ta roba. Wata za ta yi maka shekaru, wata kuma lezarta ta riga ta gaji. Akwai hanyar ganewa. Ka jona ta, ka buɗe Device Manager a Windows, ka duba sunan da ta bayar. HL-DT-ST na nufin haɗin gwiwar Hitachi da LG. TSSTcorp na Toshiba da Samsung ne, kuma tun wajen 2016 suka bar wannan harkar, don haka in ka ga wannan sunan a cikin abin da aka ce maka sabo ne dal, ka san injin ya kwana biyu. MATSHITA na Panasonic ne, PLDS kuma na Philips da Lite-On. Ka kwafi lambar samfurin da ke gaban sunan ka bincika a intanet, za ka ga ko mai rubutu ce ko mai karatu. Ni dai in aka tambaye ni, LG ko ASUS ko Lite-On nake cewa a nema, a cikin kwalinsu na asali.

Tunda kana Abuja, ko Banex ka shiga a Wuse ko wata kasuwar, ka tafi da laftof ɗinka da faifan DVD ɗaya da ba a taɓa ba, da CD ɗaya. Ka ƙona wani abu a gaban mai shago kafin ka biya. Duka biyun za ka gwada, saboda leza biyu ce a ciki: ta CD mai tsawon zango nanomita 780, ta DVD kuma ja ce mai nanomita 650. Ɗaya kan mutu ta bar ɗaya, sai ka ga na'ura na karanta CD lafiya lau amma ta makance a kan DVD. Na taɓa sayen irin wannan a wani shago, na gwada da CD kawai na biya na tafi, sai da na isa gida na gane. Tun daga ranar ba na gwaji da faifai ɗaya. Ɗan kasuwa na gari ba zai hana ka minti goma na gwaji ba.

Game da Blu-ray kuwa, faifansa na ɗaukar 25GB a hawa ɗaya, 50GB a hawa biyu, kuma na'urarsa na rubuta DVD da CD ma. Sai dai tsadarta ta ninka, faifanta kuma ba a ko'ina ake samu ba. In ba ajiya mai yawa kake yi ba, kuɗinka ya fi amfani a wani wurin.

Tambaya: Ɗana, an ƙona mini bidiyon bikin 'yata a faifai. A kwamfutar jikana yana yi, amma na sa a DVD ɗin falo ya ƙi. Na'urar ce ta lalace?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Da wuya laifin na'urarki ne. Ki sa wani faifan da kika san yana yi, in ya yi to matsalar daga yadda aka ƙona ne, kuma ɗayan abu biyu ne.

Na farko, wataƙila ba a rufe faifan ba. Idan aka sa sabon faifai, Windows kan tambayi yadda za a yi amfani da shi. Zaɓi ɗaya ya ce "Like a USB flash drive", ɗayan ya ce "With a CD/DVD player". Na farkon yana barin faifan a buɗe don a riƙa ƙara fayil a hankali, kuma na'urar falo ba ta gane faifan da aka bari a haka. Na biyun ya kamata a zaɓa.

Na biyu, kuma shi na fi zargi, an kwafi fayil ɗin bidiyon ne kawai aka zuba a faifai. Kwamfuta na buɗe kowane irin bidiyo, amma na'urar DVD tana da nata tsarin da take nema: folda mai suna VIDEO_TS, a cikinta fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, bidiyon kuma a tsarin MPEG-2. Bidiyon waya da na kyamarorin yanzu MP4 ne, tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba. Ki ce wa jikanki ya buɗe faifan a kwamfuta ya duba. In bai ga VIDEO_TS ba, ya saukar da manhajar DVDStyler, kyauta ce, ya sa bidiyon a ciki, ya zaɓi PAL domin shi ne tsarin talabijin na Najeriya, ya ƙona a sabon DVD-R. Zai ɗauki lokaci saboda sai an sauya bidiyon gaba ɗaya, ya yi haƙuri da shi. Kuma tun da faifan na buɗewa a kwamfutarsa, ya kwafi bidiyon ya ajiye a wani wurin tun yau.

Tambaya: Ina da shagon kwamfuta a Farin Gada. A cikin faifai goma sai uku su lalace wajen ƙonawa. Na'urata 24x ce, faifan kuma 16x. Me ke jawo haka?

Maigida, rage gudu. A DVD, 1x na nufin kusan megabait 1.39 a daƙiƙa, wato cika faifai zai ci kusan awa guda. A 16x minti shida ne ko kusa da haka, a 8x kuma kamar tara zuwa goma. Wannan minti ukun da kake tserewa shi ke cinye maka faifai uku a cikin goma. Idan faifai na juyawa da matsanancin gudu, leza ba ta samun isasshen lokaci a kan kowane ɗigo, kuma ƙaramar karkata a jikin faifan sai ta zama babba. Faifan 16x, ka ƙona shi a 8x. Kada kuma ka sauka can ƙasa zuwa 1x ko 2x da tunanin ya fi, rinin faifan yanzu an yi shi ne don gudu mai ɗan yawa.

In ka rage gudu abin bai daina ba, ka zargi faifan. Sunan da ke jikin kwali ba shi ne mai ƙerawa ba a lokuta da yawa, kuma sanannun sunaye ma ana yin jabunsu. Kowane faifai na ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi a ciki, ImgBurn na nuna ta da zarar ka sa faifan. In wani kwali ya yi maka kyau, ka rubuta lambarsa, ka riƙa neman irinsa. Sannan ka kunna zaɓin Verify kullum, wanda ke sa na'ura ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwada shi da na asali. Gara ka gane faifai ya lalace a shagonka da kwastoma ya gane a gidansa.

Sauran biyun ka san su. In aka ɗauke wuta a tsakiyar ƙonawa, faifan R ya tafi, don haka kwamfutar tebur ba ta rabuwa da UPS, na'urar nan mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ka yi aikin da laftof mai lafiyayyen batiri. Ƙurar hunturu kuma na shiga idon leza. Ka riƙa rufe na'urar, kada ka bar tirenta a buɗe.

Tambaya: Malam, ni ne ke kula da ajiyar karatuttukan tafsirin masallacinmu a Gangare. Muna da na shekaru masu yawa a faifai. Wasu sun fara ƙin buɗewa. Shekara nawa faifai ke yi, kuma yaya za mu tsare sauran?

Baba, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima. Wannan tambayar ta taɓa ni, domin muryoyin malaman da ke cikin irin waɗannan faya-fayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma in faifan ya mutu babu inda za a sake samo su.

Faifan da aka ƙona a gida ba ɗaya yake da na kamfani ba. Na kamfani da injin ake buga ramukansa a jikin roba. Na gida rini ne, kuma rini na dusashewa da rana, da zafi, da laima. Mai kyau da aka adana da kyau zai iya shekaru masu yawa, mai araha kuwa wani ko shekara biyar ba ya kaiwa. Sanyin Jos na taimakonku, amma laimar damina ba ta taimako, haka ma ajiye faifai kusa da taga ko a cikin mota.

Abin da za ku fara yi, tun kafin sayen komai, shi ne ku kwashe duk faifan da ke buɗewa yanzu zuwa rumbun ajiya na waje. Ku fara da mafi tsufa. Waɗanda suka ƙi buɗewa kada a zubar. A wanke su da ruwa mai tsabta da ɗan sabulun ruwa, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, a bari su bushe, sannan a gwada su a na'ura biyu ko uku daban-daban. Sau da yawa wanda wata ta ƙi, wata sai ta karɓa, kuma babbar na'urar kwamfutar tebur ta fi 'yar fallen haƙuri da faifai mai rauni.

Ku lura da wani bambanci. A CD, shimfiɗin da ke ɗauke da bayanan yana can sama, dab da ƙarƙashin inda ake rubuta suna. Ƙarzuwa ta saman CD ta fi ta ƙasa haɗari, kuma rubutu da biro mai kaifin baki na iya kashe shi nan take. A DVD kuwa shimfiɗin na tsakiya, tsakanin fallen roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowanne, ya fi samun kariya, sai dai lanƙwasa shi na iya raba fallayen. A yi rubutu da alƙalamin maka mai laushin baki, kada a manna takarda a kai domin tana sa faifai ya yi rawa in yana juyawa. A ajiye kowanne a gidansa, a tsaye kamar littafi, a cikin kabad mai duhu.

In za ku sake ƙonawa, ga lissafi mai daɗi. Murya a tsarin MP3 mai kilobit 128 na cin kusan megabait 58 a awa. Tafsirin kwana 30, awa biyu kullum, awa 60 ke nan, kusan gigabait uku da rabi. Ramadan guda zai shiga DVD ɗaya. Ku ƙona kwafi biyu na kowace shekara a faifan kamfanoni biyu daban, ɗaya a masallaci, ɗaya a gidan wani amintacce, ga kuma na rumbun waje. Akwai wani faifai da ake kira M-DISC wanda ba rini a cikinsa, wani abu ne mai kama da dutse da leza ke sassaƙawa, an yi shi ne musamman don dogon ajiya. Na DVD ɗinsa sai na'urar da ke da tambarin M-DISC ke iya rubuta shi, amma bayan an rubuta yawancin na'urori na karantawa. In kwamitinku zai sayi sabuwar na'ura, ku nemi mai wannan tambarin, yawancin na LG da ASUS na da shi. Kuma duk shekara, kafin azumi, a ware rana ɗaya a ɗauko wasu daga ciki a gwada buɗe su.

Tambaya: Yayana ya aiko mini da faifan DVD na asali daga Ingila, kwamfuta ta ce sai na sauya yanki. In sauya?

Ka yi hattara. An raba duniya yanki-yanki a tsarin DVD: Amurka yanki na 1, Turai da ƙasashen Gabas ta Tsakiya na 2, Najeriya da yawancin Afirka na 5. Na'urar kwamfuta sau biyar kawai take yarda a sauya mata yanki, daga nan ta kulle a kan na ƙarshe, ko da an sake zuba Windows, domin a cikin na'urar lissafin yake. Kafin ka taɓa komai ka gwada buɗe faifan da manhajar kallon bidiyo ta VLC, wani lokacin yakan wuce ba tare da an sauya ba, kuma dama za ka buƙace shi tunda Windows 10 da 11 ba sa kunna bidiyon DVD da kansu. In ya ƙi, kuma yawancin faya-fayanka na asali daga Ingila ko Saudiyya suke zuwa, ka sa ta a yanki na 2 ka bar ta a nan. Faifan da ka ƙona da kanka ba shi da wannan kullen, zai buɗe ko a wane yanki na'urar take.